Laila Murad, 'yar gidan Yahudawa da ta zama tauraruwar fina-finan Masar: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a Alƙahira, ɗalibin Azhar ne ko ɗan kasuwa, ya ji muryar matar nan ko da bai san sunanta ba. Tana fita daga rediyon mai tasi, daga shagon gahawa, daga talabijin ɗin tsohuwa a bene na sama. Idan ka tambaya a ce maka Laila Murad ce, idan ka ƙara tambaya wani ya rage murya ya ce maka ai asalinta Bayahudiya ce. Daga nan tambayoyi ke farawa.

Wace ce Laila Murad?

Mawaƙiya ce kuma 'yar fim ta ƙasar Masar. An haife ta a Alƙahira ranar 17 ga Fabrairu 1918, ta rasu a can ranar 21 ga Nuwamba 1995. Tsakanin 1938 da 1955 ta fito a fina-finai kusan talatin, kusan dukkansu na soyayya da waƙa, kuma a shekarun 1940 tana sahun farko na matan da suka fi jan 'yan kallo zuwa silima a ƙasashen Larabawa. Ta bar fim tana da shekara 37, ta yi shekara arba'in bayan nan ba ta sake fitowa a fim ba.

Da gaske Bayahudiya ce, ko ƙage ne irin na mahassada?

Gaskiya ne, kuma a zamanin da ta taso ba abin ɓoyewa ba ne. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Liliyan ne, uwa da uba duk Yahudawa. Masar ta wancan lokaci tana da Yahudawa tsakanin dubu 75 zuwa dubu 80 kafin 1948, akasarinsu a Alƙahira da Iskandariyya. Akwai attajirai masu bankuna da manyan kantuna a cikinsu, akwai talakawan Haratul Yahud, tsohuwar unguwarsu da ke tsakiyar birni, waɗanda ba su san wani yare ba sai Larabcin Masar. Wasu gidajen sun fi shekara dubu a ƙasar. Wurin ibadarsu na Ben Ezra da ke Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, yana nan har yau ana kai baƙi su gani.

Mai karatu ya riƙe wannan tun daga farko: lokacin da aka haife ta babu wata ƙasa mai suna Isra'ila, sai da ta cika shekara talatin aka kafa ta. Bamasariya ce ta tashi, da Larabci take mafarki.

Wane irin gida ta fito?

Gidan kiɗa. Mahaifinta, Zaki Murad, mawaƙi ne da ya yi tashe a shekarun 1910 da 1920, zamanin da ake waƙa da ƙaramar ƙungiyar makaɗa da Larabawa ke kira takht, wato mai ud, mai ƙanun, mai sarewa, mai goge da mai ɗan tambari. Yana rera tsofaffin salon waƙa masu wuyar koyo irin su dawr da muwashshah, an kuma buga masa faya-fayan garmaho. Ban da haka yana jan addu'o'i da rerawa a wurin ibadar Yahudawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Masar ta lokacin, domin ma'aunan sauti da ake kira maƙamat su ne dai mai ƙira'ar Alƙur'ani yake bi, su mai jan addu'a a majami'ar Yahudawa yake bi, su mawaƙin biki yake bi. Kunne ɗaya ne ya raine su duka.

Malaminta na biyu, bayan mahaifinta, Dawud Husni ne, wanda ya rayu daga 1870 zuwa 1937, Bayahude daga ɗariƙar Ƙara'iyawa, kuma ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa a tarihin Masar. Har Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, ya tsara wa waƙoƙi a farkon tasowarta. Yarinyar da ta buɗe ido ta tarar da irin waɗannan mutane suna zaman hira da ud a falon gidansu, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ƙanenta Munir Murad, wanda aka haifa a 1922 da suna Moris, shi ma ya bi sahu. Ya ɗan taɓa fitowa a fim, amma inda ya yi suna shi ne tsara kiɗa mai sauƙi da armashi, musamman ga Shadiya da Abdulhalim Hafiz. Shi ma ya musulunta daga baya, ya auri 'yar wasa Suhair al-Babili, ya rasu a 1981.

Sha'awa ce ta kai ta waƙa ko larura?

Duka biyun, amma larurar ta fi ƙarfi a farko. A ƙarshen shekarun 1920 kasuwar mahaifinta ta faɗi. Salon waƙa ya sauya, matasa sun koma ga Muhammad Abdulwahab da sabon kiɗansa, ga kuma karayar tattalin arzikin duniya ta 1929. Gida mai 'ya'ya da yawa ya shiga matsi. Laila ta bar makaranta ta fara waƙa a bainar jama'a tun tana 'yar shekara goma sha, kuɗin da take samu su ake cefane da su. Da aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a 1934 tana cikin muryoyin da aka fara ji.

Rediyo ya yi mata rana ta wata hanya da ba a cika lura da ita ba. Mawaƙan zamanin mahaifinta sai sun ɗaga murya ta cika fili, domin babu lasifika. Ita muryarta siririya ce mai taushi, irin wadda a dandali za ta ɓace cikin hayaniya, amma a gaban makirfo sai ta zama kamar a kunnenka take raɗa maka. Da an haife ta shekara ashirin kafin nan, da wuya a ji labarinta.

Yaya ta shiga fim?

Abdulwahab ne ya jawo ta. Abokin mahaifinta ne, ya san muryarta, sai ya zaɓe ta ta fito tare da shi a fim ɗin Yahya al-Hubb na 1938, wanda Muhammad Karim ya ba da umarni. Ana ba da labarin cewa Karim bai so ba da farko, yana ganin yarinyar ta cika kunya, ba ta iya tsayuwa gaban kyamara ba. Fim ɗin ya karɓu.

Wanda ya mayar da ita 'yar wasa ta sosai kuwa Togo Mizrahi ne, darakta Bayahude ɗan Iskandariyya. Fim biyar suka yi tare tsakanin 1939 da 1944. Shi ya koya mata yadda ake magana da ido, ya haɗa ta da manyan 'yan wasa irin su Yusuf Wahbi da Husaini Sidƙi.

Me ya sa sunan Laila ke cikin sunayen fina-finanta da yawa?

Dabarar kasuwa ce, kuma ta ci. Mizrahi ya lura cewa sunanta kaɗai yana sayar da tikiti, sai ya dinga saka shi a kan allon talla: Laila 'yar ƙauye da Laila 'yar makaranta a 1941, Laila kawai a 1942, wanda aka ɗauko labarinsa daga wani shahararren littafin Faransanci na Alexandre Dumas ƙarami, sai Laila a cikin duhu a 1944. Da jarumi kuma darakta Anwar Wajdi ya karɓi ragamar, shi ma bai sauya ba, ya yi Laila 'yar talakawa a 1945 da Laila 'yar masu kuɗi a 1946. Mai kallo ba ya buƙatar a gaya masa labarin, ya san Laila za ta yi soyayya, za ta sha wuya, za ta yi waƙa biyar ko shida.

Mai kallon fina-finan Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Waƙa a tsakiyar labari, jaruma ɗaya da jarumi ɗaya da ake ta maimaitawa har mutane su ɗauka ma'aurata ne, duk Masar ta yi wannan tun kafin a haifi iyayen 'yan Kannywood. Bambancin shi ne Laila da bakinta take rera waƙarta, ba wata ce ke yi mata a ɗakin naɗa ba.

Shi Anwar Wajdi fa, mijinta ne na gaske?

Mijinta ne. Sun yi aure a 1945, shekarar da suka yi Laila bint al-Fuƙara, wato Laila 'yar talakawa. Shi jarumi ne, darakta ne, furodusa ne, mutum mai zafin nema wanda ya taso cikin talauci ya rantse ba zai koma ba. Ita ce jarin kamfaninsa mafi tsada, kuma nan matsalar take, domin miji ne a gida, ubangida a wurin aiki, ga kishi idan ta yi fim da wani kamfani. Sun rabu sun koma, sun sake rabuwa sun koma, har aka yi rabuwar ƙarshe a 1953. A tsakanin rigingimun nan ne suka fitar da fina-finan da aka fi tunawa da su: Ƙalbi Dalili a 1947, Anbar a 1948, Ghazal al-Banat a 1949, Habib al-Ruh a 1951, da Bint al-Akabir a 1953. Ya rasu a 1955 a Stockholm ta ƙasar Suwidin, inda ya je jinya, bai ci moriyar dukiyar da ya tara ba.

Idan fim ɗaya kawai zan kalla, wanne ne?

Ghazal al-Banat, ba tare da wani dogon tunani ba. Yana cikin jerin fina-finan Masar 100 mafiya daraja da aka fitar a 1996.

Labarin wani tsohon malamin Larabci ne, Ustaz Hamam, wanda Najib al-Rihani ya fito a matsayinsa. An kore shi daga makarantar 'yan mata, sai aka samo masa aikin koyar da 'yar wani Basha, wato babban mai sarauta, da ta faɗi jarrabawa. Ranar da ya fara shiga gidan, ya ga ma'aikata cikin kaya masu tsada ya dinga rusunawa yana zaton su ne masu gida, da ya haɗu da Bashan kansa cikin kayan shan iska sai ya ɗauka mai kula da lambu ne, ya yi masa magana yadda ya ga dama. Sai ga darasin farko. Laila da ƙawayenta suka mayar da karatun waƙa, suna rera abjad hawwaz, jerin haruffan nan da duk wanda ya zauna gaban malamin hisabi a ƙasar Hausa ya san su, suna tsokanar malamin, shi kuma yana ƙoƙarin ɗaure fuska ya kasa.

Da dariya aka fara, ba da ita aka gama ba. Tsohon ya kamu da son ɗalibarsa, alhali ita wani matashin matuƙin jirgi take so. Kusa da ƙarshe suka faɗa gidan Yusuf Wahbi cikin dare, inda Abdulwahab yake gwajin waƙa da makaɗansa. Malamin ya tsaya yana sauraro, kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, hawaye na zuba, ya gane cewa abin da ya rage masa shi ne ya haƙura ya bar yarinyar ga sa'anta. Al-Rihani ya rasu a 1949 kafin a fara nuna fim ɗin, don haka Masarawa suna kallon wannan fuska da wani irin nauyi a zuciya.

Ni a ganina a nan ne aka fi ganin gwanintarta. Ba ta yi ƙoƙarin danne tsohon a wasa ba, ta bar masa fili, ta tsaya a matsayin yarinyar da ba ta ma san ɓarnar da take yi ba.

Ita da Ummu Kulsum wa ta fi?

Tambaya ce da ba ta da kan gado, amma kowa sai ya yi ta. Fagensu daban. Ummu Kulsum ta dandali ce, waƙa ɗaya takan kai awa guda, tana maimaita baiti ta sauya masa launi har jama'a su tashi tsaye. Fim shida kacal ta yi, na ƙarshe a 1947, kuma ba a fim darajarta take ba. Laila ta silima ce, waƙarta minti huɗu ko biyar, an ɗinka ta daidai da wurin da za ta shiga a labari. Wadda za ta iya yi mata kishiya a wannan fage Asmahan ce, ita kuwa ta rasu a haɗarin mota a 1944. Daga nan har farkon shekarun 1950 filin na Laila ne.

Ita take tsara waƙoƙinta?

A'a. A tsarin Masar aikin a rabe yake: marubuci ya rubuta baituka, mai tsara kiɗa ya ɗora karin, mawaƙi ya rera. Abin da ke nuna matsayin mawaƙi shi ne su wa suka yarda su ba shi kiɗansu. Laila ta samu manyan duka: Abdulwahab, Muhammad al-Ƙasabji, Riyad al-Sunbaɗi, Zakariyya Ahmad, Muhammad Fauzi, da ƙanenta Munir. Waƙarta da ta fi shahara, Ana Albi Dalili, wato zuciyata ce jagorata, al-Ƙasabji ne ya tsara ta a kan takun rawar Turawa mai bugu uku, ya zuba mata karin Larabawa. Da aka yi wasan talabijin kan rayuwarta a 2009, sunan wannan waƙa aka ba shi.

Yaushe ta musulunta, kuma don aure ta yi?

Ta musulunta a shekarun farko na aurenta da Anwar Wajdi, bayan an riga an ɗaura. Wannan ya isa amsa, domin kowane ɗalibin fiƙihu ya san Musulmi yana iya auren Bayahudiya tana kan addininta, babu abin da ya tilasta mata. Labarin da Masarawa ke bayarwa shi ne kiran sallar asuba da take ji daga gidansu a tsakiyar Alƙahira ne ya taɓa zuciyarta. Abin da ke a fili shi ne bayan auren ya mutu ba ta koma ba, ta rayu Musulma fiye da shekara arba'in, a kan haka ta rasu.

Akwai waƙarta ta mahajjata, Ya Rayihin lin-Nabi al-Ghali, ma'ana ya ku masu tafiya wurin Annabi mai daraja, wadda al-Sunbaɗi ya tsara a fim ɗin Bint al-Akabir. Har gobe idan lokacin aikin Hajji ya zo gidajen rediyo da talabijin na Masar sukan sa ta, kuma da yawa daga masu hawaye da ita ba su san a wane gida aka haifi mai rerawar ba.

Mene ne gaskiyar zancen cewa ta ba Isra'ila kuɗi?

Ƙarya ce, amma ta yi mata illa. A 1952, watanni kaɗan bayan sojoji sun kifar da Sarki Faruk a watan Yuli, sai labari ya bazu a jaridu cewa Laila Murad ta je Isra'ila a ɓoye ta ba da gudummawar fam dubu 50. Tana Faransa lokacin. Gwamnatin Siriya ba ta jira bincike ba, ta haramta fina-finanta da waƙoƙinta.

Ka duba halin da ta shiga. Mace ce da ta musulunta shekaru kafin nan, da rabin ƙasar ke rera waƙoƙinta, ga shi an wayi gari tana tattara takardun banki da shaidar tafiye-tafiyenta don ta nuna wa ƙasarta cewa ita ba maciya amana ba ce. Hukumomin sojan Masar suka bincika suka wanke ta a rubuce. Wasu sun nuna Anwar Wajdi da yatsa, ganin ana tsakiyar rikicin aurensu, shi kuma ya fito ya musanta. Ta rera wa sabuwar gwamnati waƙar kishin ƙasa mai ɗauke da takensu na haɗin kai da tsari da aiki. Duk da haka haramcin Siriya ya daɗe, kuma labarin da ya shahara shi ne sai da shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya sa baki, a zamanin da ƙasashen biyu suka haɗe a 1958.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya, domin har bayan rasuwarta akwai masu ɗauko zancen kamar sabo. Da wata jaruma ce aka yi wa wannan ƙage, da dariya za a yi a wuce. Sunan gidansu ne ya sa aka saurara.

Ita kaɗai ce Bayahudiya a harkar wasa a Masar?

Ko kusa. Yaƙub Sanu, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa wasan kwaikwayo na zamani a Masar tun shekarun 1870, Bayahude ne. Najma Ibrahim, wadda ta tsorata 'yan kallo a matsayin Rayya mai kisan mata a fim ɗin 1953, daga gidan Yahudawa ta fito, ita ma ta musulunta ta zauna. Raƙiya Ibrahim ta tafi Amurka. Togo Mizrahi ya koma Italiya ya rasu a Rum a 1986.

Me ya sa ba ta bar ƙasar ba kamar sauran?

Al'ummar Yahudawan Masar ta watse a matakai uku: yaƙin 1948, rikicin mashigin Suwez na 1956 lokacin da aka kori dubbai aka ƙwace dukiyoyi, sai yaƙin 1967. Tsakanin na farko da na biyu kuma aka kama wasu matasan Yahudawan Masar a 1954 da leƙen asirin Isra'ila ya sa su dasa bama-bamai a Alƙahira da Iskandariyya, abin da ya shafa wa sauran kashin kaji. Yau Yahudawan da suka rage a Masar ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Laila Musulma ce a lokacin, dokokin korar ba su hau kanta ba. Kuma ina za ta? Sana'arta Larabcin Alƙahira ce, masu saurarenta a nan suke, kabarin mahaifinta a nan yake.

To me ya sa ta bar fim tana kan ganiyarta?

Dalilai sun taru a shekara ɗaya. Fim ɗinta na ƙarshe, al-Habib al-Majhul na 1955, bai yi kasuwa ba. Anwar Wajdi, wanda ya san yadda ake gina fim a kanta duk da faɗan da suke yi, ya mutu a wannan shekara. Sababbin fuskoki sun taso, Shadiya da Fatin Hamama da Abdulhalim, kuma gwamnatin juyin juya hali ba ta da sha'awar labaran 'ya'yan Basha da gidajen alfarma, waɗanda su ne abincin fina-finanta. Ga raunin 1952 bai warke ba. Ga kuma iyali: ta yi ɗan gajeren aure na sirri da Wajih Abaza, ɗaya daga cikin hafsoshin da suka yi juyin mulki, suka sami ɗa, daga baya ta auri darakta Faɗin Abdulwahab.

Masoyanta sun fi son su ce ta janye ne don a riƙa tunawa da ita cikin ƙuruciya. Akwai gaskiya a ciki, domin a shekarun baya ta ƙi yarda kyamarar talabijin ta ɗauke ta duk da roƙon da aka sha yi. Amma ni ban yarda wannan kaɗai ba ne. Wadda ta ciyar da gidansu da muryarta tun tana yarinya ba ta ajiye sana'a a shekara 37 don kwalliya kawai.

Akwai wanda ya gaje ta a cikin 'ya'yanta?

Ɗanta Zaki Faɗin Abdulwahab, mai sunan kakansa, ya zama darakta kuma ɗan wasa. Ya yi aiki da Yusuf Shahin, daraktan da ya ba da umarnin fim ɗin mahaifiyarsa Sayyidat al-Ƙiɗar a 1952. Ya rasu a 2022.

Akwai wani wuri da ake tunawa da ita a Masar yau?

Akwai, kuma ba gwamnati ce ta gina shi ba. A Marsa Maɗruh, garin bakin teku da ke yamma da Iskandariyya a hanyar Libiya, aka ɗauki fim ɗin Shaɗi al-Gharam na 1950, wanda Henri Barakat ya ba da umarni, ita da Husaini Sidƙi. A cikinsa ta zauna kan wani dutse a bakin ruwa ta yi waƙa. Mutanen garin suka raɗa wa dutsen sunanta. Da bazara, lokacin da iyalai ke tururuwa can hutu, za ka ga layi, amare da angwaye da 'yan mata, kowa na jiran a sauka ya hau a ɗauke shi hoto.